Ku Nawa Ne, Ƙarfe Nawa Za Ku Zo?

A gidan da na tashi ba a yi wa abinci alƙawari. Idan an sauke tukunya, duk wanda ƙafarsa ta kawo shi zaure ya samu rabonsa, ɗan gida ne ko mai wucewa da ya tsaya gaisuwa. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa tambayar mutum nawa za su ci ba, kuma da wani yaro zai tsaya ƙirga bakuna a gabansa, da ranar ya sha faɗa. Da wannan tarbiyya na fara fita ƙasashen waje, shi ya sa tambayoyi biyun nan da ake yi wa mai son a ajiye masa tebur a gidan abinci suka daɗe suna yi mini nauyi a kunne: ku nawa ne, ƙarfe nawa za ku zo? Ta farko takan yi mini ƙamshin rowa. Ta biyu kuwa sai in ji tamkar ana so in rantse a kan abin da ba ya hannuna. Mu da muke cewa bayan Magariba, ko in an idar da Isha'i, kowa ya gane, ta yaya zan ɗaure kaina da takwas saura kwata?

Yanzu idan ɗan'uwa zai yi tafiya ya kira ni yana neman shawara, ko sai ya kama tebur tun daga gida, nakan fara tambayarsa da wa zai tafi, kuma a wane wata. A wurina amsar tana cikin waɗannan biyun. Istanbul ce ta koya mini haka, don ita ce birnin da na fi sani a waje. Can nake saro kayan sawa, kuma can lalurar rashin lafiya ta sa na kai mahaifiyata.

Shekarun da nake zuwa ni kaɗai ban taɓa kama tebur ba, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba. Wanda harkarsa ta kai shi unguwannin Laleli da Aksaray, yana fita wannan shago yana shiga wancan, yana ciniki da masu kago a kan kuɗin kilo, ba shi da lokacin da zai ce nasa ne. Birnin kuma ya san da irinmu, ya tanadar mana wuri tun kafin a haife mu. Akwai gidajen abincin 'yan kasuwa da masu sana'a, waɗanda Turkawa ke kira esnaf lokantası, a kusan kowane lungu na kasuwa. Da ka shiga za ka tarar da tukwane da manyan farantai jere a bayan gilashi, suna tururi. Ba ka buƙatar ko kalma ɗaya ta Turkanci, yatsa ya ishe ka. Ga miyar adas, ga farin wake da aka dafa da tumatir da man shanu har ya yi luguf, ga shinkafa, ga yalo da aka tsaga aka cusa masa niƙaƙƙen nama, ga naman rago da dankali. Burodi yana kan tebur a kwando. Ka nemi nonon nan nasu mai ɗan gishiri, ayran, ka kora. Idan babu tebur, sai ka ja kujera kusa da wani tela ko ɗan dako, ya ɗan matsa maka, ya yi maka fatan abincin ya zama lafiya, kowa ya ci gaba da abin da ke gabansa. Cikin minti ashirin an gama, an kawo shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ka biya a bakin ƙofa.

A irin wannan wuri agogon da ke aiki shi ne na tukunya. Da safe ake girki, da azahar ake ci, kuma abin da ya ƙare ya ƙare sai gobe. Wanda ya zo sha biyu da rabi ya zaɓi son ransa, wanda ya kai uku ya ɗauki abin da ya saura. Idan ka buga waya ka ce a ajiye maka wuri, mai gidan ma zai yi mamaki.

Har tsofaffin gidaje masu suna, da yawansu haka suke. A titin Divanyolu, kusa da Aya Sofiya, akwai gidan gasasshen niƙaƙƙen nama na Sultanahmet da ke aiki tun 1920. Sau da yawa za ka ga layi har waje, amma kada ya tsorata ka, domin abin da suke sayarwa bai taka kara ya karya ba wajen yawa: nama, kwaɗon farin wake da albasa, sai alewar garin alkama a ƙarshe. Babu mai ɓata lokaci wajen zaɓe, layin yana tafiya. A gefen masallacin Sulaimaniyya, wanda Mimar Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557, akwai jerin gidajen da wake ne sana'arsu, ka idar da Azahar ka tsallaka ka zauna. A Eminonu ana gasa kifi a bakin ruwa a sa maka cikin burodi. A unguwar Fatih, gindin tsohuwar gadar ruwan nan ta zamanin Rumawa, mutanen Siirt suna zura rago cikin rami mai garwashi su rufe, naman ya fito yana zamewa daga ƙashi. Idan ka hau jirgin ruwa ka tsallaka ɓangaren Asiya, tafiyar kamar minti ashirin, a Uskudar akwai Kanaat, tun 1933, a kasuwar Kadikoy kuma akwai Çiya, inda Musa Dağdeviren ya tattaro girke-girken ƙauyukan Anatoliya da aka fara mantawa da su. Mafi daɗin abin da na ci a birnin nan, ƙafa da hanci ne suka kai ni, ko kuwa wani mai shago da na tambaya inda shi kansa yake cin na rana. Matambayi ba ya ɓata, amma a zaɓi wanda za a tambaya: mai cin abincin da kuɗin aljihunsa, ba mai samun la'ada idan ya tura ka ba.

Na taɓa tafiya da wani abokina ma'aikacin banki, mutumin kirki mai son tsari. Tun kafin mu tashi daga Abuja ya shiga intanet ya kama mana wuri na kowace rana da kowane dare. Niyyarsa mai kyau ce, yana so kada mu wahala. Sai dai mun wuni muna duba agogo. Muna zaune a harabar Sulaimaniyya, iska tana kaɗawa daga mashigin ruwa, an kusa kiran La'asar, sai ya ce mu tashi, tebur yana jiranmu a wata unguwa mai nisa. Mun wuce wurare da dama da ƙamshinsu ya kira mu, ba mu tsaya ba, saboda mun riga mun yi alƙawari da wani wuri da ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Mun ci abinci mai kyau, ba zan ce ba mu ci ba. Amma na dawo daga wannan tafiya ina jin ban gana da garin ba. Wanda ya cike duk kwanakinsa da alƙawura tun daga gida ya hana garin ya nuna masa abin da bai sani ba, alhali abin da ya fito nema ke nan.

Da a nan labarin ya tsaya, da shawarata ɗaya ce: bar waya, bi ƙafarka. Tafiyata da Hajiya, mahaifiyata, ce ta ƙara mini rabin da ban sani ba.

Ciwon gwiwa ne ya kai mu, kuma ranar ganin likita ta faɗo cikin azumi, a shekarun nan da Ramadan ke zuwa a watan Yuni. Wanda bai yi azumi a can a wannan lokaci ba, zai yi wuya ya gane. Ana kame baki tun wajen uku da rabi na dare, ba a shan ruwa sai bayan takwas da rabi, sama da awa 17, alhali mu a gida ba mu cika wuce 14 da 'yan mintuna ba. Na lallaɓa ta, na ce, "Hajiya, ke matafiya ce, ga kuma lalura, Allah Ya yi miki sauƙi." Ta ce tun da ta balaga ba ta sha azumi don tafiya ba, ba kuma za ta fara a Santambul ba. Haka take kiran garin, kamar yadda iyayenta suke kira. Na san ba a ja da ita a kan wannan.

Hajiya ta haura saba'in. A rayuwarta ba ta taɓa cin abinci a tsaye ba, ba ta taɓa ci a bakin titi ba, kuma ko a biki ba ta kai loma baki idan idon maza baƙi yana kanta. Duk abin da na lissafa a sama, layin da ke tafiya da sauri, kujerar da ake ja kusa da ɗan dako, kifin bakin ruwa, babu ɗaya da ya dace da ita. Abin da yake 'yanci a wurina, a wurinta tozarci ne. Zan iya sayo abinci in kai mata ɗakin otal, kuma na yi hakan a wasu ranaku. Amma matar da ta saba shan ruwa cikin 'ya'ya da jikoki, tsakar gida cike da hayaniya, idan ka bar ta tsakanin bango huɗu da talabijin mai yaren da ba ta ji, za ka ga tana ƙanƙancewa. Ina so ta sha ruwa cikin mutane, ba tare da an keta mata kunyarta ba.

Zuwa da kai ya fi aike. Bayan sallar Azahar na bar ta tana hutawa, na zaga unguwar da ƙafa, ina leƙa gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya. A lokacin babu kowa, ma'aikata suna goge tebura, ana iya magana a natse. Na samu wani ɗan madaidaicin gida, mai shi dattijo ne, yana zaune da babban littafi a gabansa. Da ɗan Larabcina, da ɗan Ingilishinsa, da fassarar waya, muka fahimci juna. Na tambaye shi ko ana sayar da giya, ya ce a'a. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi a Istanbul, domin nama kusan ko'ina na halal ne, amma gidaje da yawa, musamman a Beyoglu da bakin ruwa, suna kawo giya a tebur, wasu ma dominta aka buɗe su. Akwai kuma waɗanda aka sani da rashin sayar da ita, irin su Hacı Abdullah da tarihinsa ke komawa 1888. Na tambaye shi wurin iyali. Yawancin gidajensu suna da zauren iyali, har sukan rubuta a ƙofa, amma galibi a bene yake, ita kuwa gwiwarta ba ta hawa. Sai ya tashi da kansa ya nuna mini wani tebur a ƙasa, can ƙurya jikin bango, inda za ta zauna ta ba wa jama'a baya. Na tambayi inda za mu yi Magariba, ya nuna mini masallaci a ƙarshen layin. Sannan ya buɗe littafinsa ya yi mini tambayoyin nan biyu. A karon farko na amsa su ba tare da wani nauyi a raina ba, don na ga abin da amsar za ta saya wa mahaifiyata.

Mun isa saura kamar rabin awa a sha ruwa. Ya taso ya tarbe ta, yana kiranta da kalmarsu ta uwa, ya ja mata kujera. An riga an jera dabino, zaitun, cuku, zuma, da burodin azumin nan nasu mai faɗi, da ɗuminsa, an barbaɗa masa riɗi da habbatus sauda. Gidan ya cika maƙil, kowane tebur da mutanensa, abinci a gaban kowa, babu mai taɓawa. Da aka kira salla sai cokula suka motsa a lokaci guda, ma'aikata suka fito da miyar adas a guje. A ƙarshe aka kawo güllaç, wani abin zaƙi na madara da ruwan wardi da 'ya'yan ruman wanda ba a cika ganinsa ba sai da azumi. Hajiya ta ci sosai, abin da ba ta yi ba tun zuwanmu. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Kai, wannan wuri ya yi. Allah Ya yi maka albarka." Muna zaune na ga iyalai suna zuwa bakin ƙofa ana ba su haƙuri, wasu da tsofaffi, wasu da yara a kafaɗa, ga salla an riga an kira.

A daren nan na fahimci lissafin mai gidan. A ce yana da tebur goma sha biyar. A ranar da ba azumi ba, kowane tebur zai karɓi mutane kashi-kashi, waɗannan su tashi waɗancan su zauna, tun daga rana har dare. Da azumi kuwa duk garin minti ɗaya yake jira. Teburin sau ɗaya zai yi aiki, kuma cinikin wunin gaba ɗaya ya rataya a kan wannan zama. Shi ya sa suke yanka kuɗi ɗaya a kan kowane mutum, su tsara abinci iri ɗaya, su san adadin kwanon miya da za su zuba kafin ladan ya buɗe baki. Da yake tambayata mu nawa ne, so yake ya san burodi nawa zai aika a karɓo daga gidan gashi, inda ake layi tun La'asar. Babu rowa a ciki ko kaɗan. Tanadi ne irin na mai son ya fita kunyar baƙonsa.

Akwai wani dalili da ban cika faɗa wa mutane ba. Ni baƙar fata ne a garin da ba nawa ba. Ya faru da ni, a wasu wurare na bakin ruwa a daren ƙarshen mako, in tsaya a ƙofa a dube ni daga sama har ƙasa a ce babu wuri, alhali ina hango tebura babu kowa. Duk wanda irin wannan ta taɓa samu ya san abin da ke tasowa a ƙirji. Sau da yawa gaskiya suka faɗa, teburan na wasu ne da ke kan hanya, har da 'yar takarda a kai. Wani lokaci kuma zuciya takan ce da walakin. Abin da ya fi damuna shi ne in koma masauki ina juya maganar, ina zargin mutumin da wataƙila aikinsa kawai ya yi. Ba na son in kwana da mummunan zato a kan bawan Allah, ba na kuma son in zama wanda ake wulaƙantawa yana murmushi. Kama tebur bai gyara zuciyar mai wariya ba, ba zai kuma gyara ba. Amma yana sauya yadda nake isa ƙofar. Ina zuwa ne a matsayin wanda ake jira, sunana yana cikin littafi, ga saƙon tabbaci a wayata. Idan da iyalina nake, wannan kaɗai ya isa dalili, domin abin da zan iya haɗiyewa ni kaɗai ba zan so 'ya'yana su gani ba.

To amma wanda ya ce a ajiye masa wuri ya ɗauki kaya. A nan ne nake da magana da mutanenmu, kuma da zafi nake yinta. Na san wanda yakan kama tebur a wurare uku a dare ɗaya, wai in lokaci ya yi ya ga inda ransa ya fi so, sauran biyun ko waya ba ya yi musu. Na san masu cewa su takwas ne su zo su huɗu, da masu cewa su huɗu ne su zo su goma, su tsaya a ƙofa suna faɗa don ba a ƙirƙiro musu kujeru ba. Duk wanda ya taɓa shiga mota a tasha ya san mutumin da ke ajiye jaka a kujera ya ɓace: ya hana wani zama, ya hana mota tashi, direba yana ta leƙe. A daren azumi abin ya fi haka muni, domin teburin da ka bari babu kowa shi ne wanda aka hana wancan mai tsohuwa a bakin ƙofa, kuma miyar da aka zuba dominka ta huce a banza. Bayan haka, mai gidan ba zai riƙe sunanka ba, ƙasarka zai riƙe. Ɗan'uwanka da zai zo bayanka shi zai biya bashin. Idan uzuri ya taso, kuma yakan taso, saƙo ɗaya ta WhatsApp ya wadatar, yawancinsu suna amfani da shi. A yi shi da wuri, tun ana iya ba wani.

Zancen lokaci ma haka. Galibin gidaje sukan jira ka kamar kwata ɗaya, daga nan su ba wani, kuma ba su yi laifi ba. A birnin da mutanensa suka haura miliyan 15, awa ɗaya kafin shan ruwa ita ce mafi munin lokacin shiga mota. Kowa yana gudun gida, gadoji sun cushe, tasi ba ta samuwa. Na koyi in kama wuri kusa da inda zan yi La'asar, in da hali inda ƙafa za ta kai ni. In kuwa dole sai an yi nisa, jirgin titi da ke bi ta Laleli da Sultanahmet zuwa Eminonu, ko jirgin ruwa, ko jirgin ƙasan Marmaray da aka buɗe a 2013, wanda ke ratsawa ta ƙarƙashin teku daga Sirkeci zuwa Uskudar cikin 'yan mintuna, duk sun fi mota amana.

Saura abu ɗaya da ya ci gaba da ci mini rai, wato baƙon da ba a shirya da shi ba. Ka fito masallaci ka haɗu da ɗan garinku, ɗalibi ko wanda ya zo jinya, ka ga alamar bai san inda zai sha ruwa ba. Bakina ba zai iya cewa "mun riga mun ba da adadi" ba. Dabarar da na samu ita ce, duk lokacin da zan kama teburin shan ruwa nakan ƙara mutum ɗaya a kan adadinmu, in biya kuɗinsa. Mai gida bai yi asara ba, ni ma ban rufe ƙofa ba. Da wuya kujerar ta kwana babu mai ita. In kuwa ba a samu ba, sai in ce a ƙulle rabon a ba ni, ba a rasa mai buƙata tsakanin nan da masauki.

Manyan gidajen nan da ake yayi, lissafinsu daban ne kuma ba shi da wuyar ganewa. Tun da kamfanin Michelin ya fara ba gidajen abincin Istanbul taurari a watan Oktoba na 2022, inda TURK na Fatih Tutak ya samu biyu, irin su Mikla da Neolokal suka samu ɗai-ɗai, wanda ke son zama a irin waɗannan sai ya nema tun da sauran makonni. Yaranmu kuma ba su da tambaya sai ko na je wurin Nusret, mai barbaɗa gishirin nan da bidiyonsa ya karaɗe duniya a 2017. Wanda ransa ke so ya kama wuri tun daga gida, ya duba farashi da idonsa kafin ya amsa, ya kuma san cewa wasu sukan nemi lambar katin banki su cire wani abu idan bai zo ba. Mu da muka ga shekarun da katin naira ba ya aiki a waje mun san wannan ma wani shinge ne. Ma'aikacin karɓar baƙi na otal yakan iya buga maka waya da harshensu, amma kai za ka ba shi sunan wurin. Gidan da kuma ka ga an sa mutum a bakin titi yana jan hannun masu wucewa, wannan ba ya buƙatar a kama masa tebur, kuma in kifi za ka ci a can, a auna a faɗa maka kuɗinsa kafin ya hau wuta.

A biranen da Musulmi ba su da yawa nakan fi saurin kama wuri, don zaɓin ya ƙuntata. A Faris gidaje da yawa sukan rufe kicin bayan na rana, ba sa buɗewa sai wajen bakwai. A Madrid ba a fara cin na dare sosai sai wajen tara. Idan gidan halal ɗaya ne ko biyu a unguwar da ka sauka, ga yara, ba ka da sararin yin caca da shi.

Duk da haka, idan ni kaɗai ne a Istanbul da azumi, ko da samari masu ƙafa, akwai daren da ba na kama komai. Nakan tafi masallacin Ayyub Sultan, inda kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, sahabin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka a gidansa da ya isa Madina. Ya rasu ne a yaƙin da Musulmi suka kai wa birnin a zamanin Mu'awiya, aka binne shi kusa da ganuwa, kuma bayan Sultan Muhammad al-Fatih ya ci garin a 1453 aka gina masallaci a wurin. Da yamma iyalai sukan cika filin, su shimfiɗa ƙyalle, su fito da abin da suka dafo daga gida. Haka ma a filin Sultanahmet, ƙarƙashin rubutun fitilu da ake ratayawa tsakanin hasumiyoyi. Hukumomin unguwanni kuma suna kafa tantuna da dogayen tebura suna ciyarwa kyauta. Ka sayi burodinka da dabino da ruwa ka nemi gefe ka zauna, da wuya a kira salla wani bai miƙo maka wani abu ba, kai ma ka miƙa naka. Hajiya kuwa da hantsi na kai ta ziyara can, lokacin da babu turmutsutsu, muka dawo ta sha ruwa a teburinta na jikin bango.

Wanda tafiyarsa za ta kai shi har salla ya ƙara kula da abu ɗaya. Hutun ƙaramar salla a Turkiyya kwana 3 ne, na babba kwana 4, kuma a kwanakin nan mutane da yawa sukan koma garuruwansu. Babbar kasuwar rufi tana rufewa, gidajen abincin 'yan kasuwa da na dogara da su duk shekara su ma sukan ja ƙofa, waɗanda suka rage a buɗe kuma iyalai ne ke cika su. Dattijon nan mai gidan abincin da na kai Hajiya ne ya gaya mini tun ana saura mako guda cewa shi ma zai rufe ya tafi garinsu, ya kwatanta mini wani gida da zai buɗe, ya ce in je a rubuta sunana tun yanzu. Na je a ranar. Da jajibere kuma na sayi burodi, cuku, zaitun da 'ya'yan itace na ajiye a ɗaki, saboda karin safen ranar salla da kuma maganin Hajiya da ba a sha sai an ci wani abu.